Matatar imel ɗinmu tana cinye saƙon kwastomomi, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ni ke kula da sabar imel ta wani kamfanin fitar da riɗi a Kano, Postfix (manhajar aika da karɓar imel) da SpamAssassin (matatar da ke ba kowane saƙo maki, yawan maki alamar tarkace ne) muke amfani da su. Tarkacen saƙonni ne suka ishe mu, kullum da safe sai akawunmu ya share na 'yan damfara wajen ashirin kafin ya ga na aiki, shi ne na sauke makin da ake ɗaukar saƙo tarkace daga 5 zuwa 3, na kuma sa duk wanda ya haura a goge shi nan take. To shekaranjiya wani mai saye daga Turkiyya ya kira oga wai sau uku yana turo oda shiru, da na duba log, wato rajistar sabar, sai na ga maki 3.4 aka ba saƙon, ya tafi ke nan. Wallahi har yanzu na kasa haɗa ido da oga. Ya zan yi?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam gogewar nan ita ce matsalar, ba makin ba. Mayar da shi 5 yadda ya zo, abin da ya haura ya faɗa foldar Junk mai shi ya duba da idonsa. Wanda ya wuce 10 ko 12 ka killace shi wata guda kafin a goge.

Amsa ta biyu: Ka koyar da Bayes kuwa, wato ɓangaren SpamAssassin da ke koyon gane tarkace daga misalai? Ba ya fara aiki sai ya ga saƙon banza 200 da na kirki 200, mutane da yawa tarkacen kawai suke ɗura masa da sa-learn, umarnin koyar da shi, su manta da na kirkin, alhali imel ɗin 'yan kasuwa cike yake da maganar dala da lambar asusu da "a gaggauta", wato kamarsu ɗaya da na 'yan 419. Ka roƙi akawun nan ya tara maka na gaskiya.

Mai tambaya: Gaskiya ban taɓa ba shi na kirki ba. In sa kwastomomin a whitelist_from kawai, wato jerin adireshin da aka amince da su?

Amsa ta uku: A'a ɗan uwa, kar ka fara! Adireshin mai aikowa kowa na iya ƙirƙirarsa, gobe ɓarawo ya zo da sunan Baturken naku ya ce an canza asusun banki, kai kuma ka riga ka buɗe masa ƙofa. whitelist_auth za ka sa, shi sai SPF ko DKIM, hanyoyin tantance inda saƙo ya fito, sun tabbatar da mai aikowa. Sannan in sabarka tana tambayar Spamhaus, masu jerin masu aiko tarkace, duba kar ya zama ta 8.8.8.8 kake bi, wato DNS ɗin Google (sabar da ke nemo adireshi a intanet), ba sa amsa wa irin waɗannan DNS na kowa da kowa, lambar kuskure 127.255.255.254 suke dawo da ita, in saitinka bai bambance ba sai ya kori kowa. Mu haka ta faru da mu, wuni guda ba imel ko ɗaya. Sa Unbound a kan sabar, ya zama DNS ɗinka na kanka.

Mai tambaya: Na duba yanzu, 8.8.8.8 ɗin ne kuwa. Allah ya saka da alheri, bari in gyara kafin la'asar in kira mutumin ya sake turowa.