Neman kalmar Hausa: ina ba da shawarar "bi-aiki"

Jama'a, ina fassara wani bayani kan gine-ginen tashoshin wutar lantarki, sai na ci karo da kalmar da Turawa ke furtawa fankshinalizim, wato aƙidar masu zanen gini da ke cewa aikin da gini zai yi shi ne zai yanke siffarsa. Ba'amurke Louis Sullivan ne ya taƙaita ta a 1896, inda ya ce siffa tana bin aiki a koyaushe.

Wani malami ya kawo "aikatau", amma nahawu ya riga ya mallaki wannan kalma, ga kuma ma'anarta ta aikin ƙwadago. "Tsarin amfani" kuwa ya yi faɗi, domin hatta ado yana da amfaninsa.

Kafin ku yanke hukunci, ku dubi hasumiyar sanyaya ruwa, wadda ƙugunta ya tsuke kamar na kalangu. Ana feso ruwan zafi a cikinta, iska ta kutso ta tsakanin ƙafafunta na ƙasa, ta ɗumama, ta yi sama da kanta ba tare da fanka ba, kuma wannan lanƙwasar ce ke ba siririn bangon kankare ƙarfin tsayuwa. Abin da ake gani yana tashi daga bakinta tururi ne, ba hayaƙi ba. Injiniya Frederik van Iterson ya fara gina irinta a Holan a 1918, kuma duk kyan da ido ke gani a jikinta aikin ne ya haife shi. Tashar wutar lantarki ta Battersea a Landan, wadda aka soma a 1929, ta ɗauki wata hanyar dabam, domin mai zanen gini Giles Gilbert Scott ya ƙawata jikinta da adon tubali, aka sassaƙa bututun hayaƙinta kamar ginshiƙan fada.

Maginanmu sun san wannan bambanci: zanko yana ƙawata soro, indararo kuwa tsawonsa da karkatarsa duk don ya jefa ruwan sama nesa da bango ne.

Shi ya sa nake son "bi-aiki", a bisa ƙirar ci-rani da dafa-duka, sai a ce tasha ce mai fasalin bi-aiki, masu ra'ayin kuma 'yan bi-aiki. Damuwata ɗaya ita ce kada mai sauraro ya zaci ana nufin mai bin sawun neman aiki, don haka ina roƙon malaman harshe su gwada ta a baki, su faɗa mini ko kalmar "fasali" a gabanta ta isa ta kawar da wannan ruɗani.