Yadda Za a Haɗa Takardun Bitar Jarrabawar Ƙarin Girma

Ranar Asabar mun zauna da wasu ma'aikatan gwamnatin tarayya da suka taɓa rubuta jarrabawar ƙarin girma. Ga abin da na tsinta.

Bakinsu ya zo ɗaya kan cewa kwafe littafin Dokokin Aikin Gwamnati shafi bayan shafi wahalar banza ce. A karanta babi, a rufe littafin, a rubuta abin da ya zauna a ka, sannan a buɗe a cike giɓi. Kuma a nemi bugun 2021, domin na 2008 babu hutun kwana 14 na magidancin da matarsa ta haihu.

Alƙaluma su ne ke kayar da mutane, don haka a ware musu shafi guda: ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, jiran shekara 3 kafin ƙarin girma ga masu matakin albashi na 7 zuwa 14, shekara 4 daga na 15 zuwa sama. Wata Hajiya ta ce nata shafin a jikin firij yake manne, tana girki tana leƙawa.

An ɗan ja kan waya ko takarda. Ni dai takarda na zaɓa, don waya sai ta ja ka WhatsApp.

Dokokin kuɗi na gwamnati da Tsarin Mulkin 1999 kowanne a ware masa littafin bitarsa. Tsofaffin tambayoyi kuwa, wadda ka kasa amsawa kaɗai za ka rubuta, da lambar dokar a gefe.