Sirdin farauta na kan bishiya yana matse min kwatangwalo

Assalamu alaikum 'yan uwa maharba. Ina zaune a jihar Michigan ta Amurka, inda ake buɗe farautar barewa da baka ranar 1 ga Oktoba. Bana na koma amfani da sirdin nan da ake ɗaurawa a ƙugu, mutum ya rataye jikin bishiya da igiya, ƙafafunsa a kan ɗan ƙaramin dandamali. Ba shi da nauyin ɗauka, kuma kana iya zagaya bishiyar ka yi harbi ta kowane ɓangare. Zaman ne dai ya gagare ni.

Da na jingina, sai gefunan sirdin su matse min kwatangwalo daidai kan ƙashi, har cinyar hagu ta mutu. Barewa kuwa ba ta raina motsi, kana gyara zama ta ɗaga farar wutsiyarta ta yi gaba.

Na ƙara tsawon igiyar da ke haɗa gefe biyun a gaba. Matsin ya ragu, amma yanzu tana taɓa min gwiwar hannu in na juya zan ja baka. Na kuma sauko da igiyar bishiyar daga saitin goshi zuwa haɓa, sai nauyin ya koma tafin ƙafa.

Don Allah da wacce ake fara gyara, ta gaban ko ta bishiyar? Sirdin ƙarƙashin ɗuwawu yake zama ko can saman ƙugu? Ko dai girmansa ne bai kai ni ba? Ga Nuwamba na tafe, dole in ƙara kayan sanyi a ciki.