Auta ya kira Baba "GOAT": zagi ne ko yabo?

Baffa: Wa ya ɗora hoton Yaya yana kan darduma, ya rubuta "GOAT", wato akuya, a ƙarƙashi? Auta, kai ne? Mahaifinka, kuma ranar Sallah?

Auta: Wallahi Baffa yabo ne. Harufan farko ne na "Greatest Of All Time", wato gwanin gwanaye. Haka ake kiran Messi.

Baffa: Na ƙarar da ƙuruciyata ina riƙe da alli ina koyar da Turanci. Kalmar nan akuya take nufi. Sauran duk maganar 'yan tasha ce, ba Turanci ba.

Yaya Babba: Baffa, a yi min afuwa in sa baki. Ƙamus ɗin Merriam-Webster ya karɓe ta da wannan ma'ana a 2018. Ana danganta ta da ɗan dambe Muhammad Ali, mai yi wa kansa kirarin ya fi kowa. Matarsa Lonnie har kamfani ta buɗe da wannan suna a 1992. Amma gaskiya kuna da hujja ta wani gefen: a da, a Amurka, ɗan wasan da ya jawo aka ci su shi ake kira akuya.

Baffa: To ka gani! Zagi ne tun asali.

Yaya Babba: Ai ma'ana tana sauya riga, Baffa. "OK" ɗin da kuke rubuta mana kullum, da wasa ta fara. Wata jarida a Boston ce ta buga ta a 1839, a matsayin gajarta "oll korrect", da gangan aka karkata rubutun don raha.

Gwaggo: Ni ba ruwana da ƙamus. Oxford ma ai sun sa "Kannywood" da "okada" a nasu a 2020. Shi ya ce a faɗi kowace kalma a gaban manya? Abin da ya dace da majalisar 'yan ƙwallo daban, na tsakar gida daban.

Auta: Na goge, Gwaggo. A yafe min.

Baffa: Ni fa har yanzu ban yarda Turanci ba ne.

Baba: Ku ƙyale yaro. Auta, in dai dole sai da dabba, canza min zuwa rago, ya fi tsada.

Gwaggo: Ka dai kula da yatsanka, kar ka ƙara masa "g" ɗaya.