Land Cruiser ɗina na mutuwa da zarar inji ya yi zafi

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman masu sanin tsofaffin motoci. A Jidda nake zaune, kuma shekara biyu ke nan ina farfaɗo da Land Cruiser FJ40 ƙirar 1978 da Baba ya bar mini, a farfajiyar gida, bayan la'asar. Injin 2F ne, mai silinda 6, na fetur.

Da safe bugu ɗaya take tashi, sautinta gwanin daɗi. Amma in ta yi kamar minti 20 a kan titi sai ta fara shaƙewa, ta mutu murus. Ba ta sake tashi sai ta huce.

Na canza fulogi da kwayil da famfon mai, na kwance kafireto na wanke shi tas, lagireto ma na wanke. Allurar zafi ba ta wuce tsakiya. Wani dattijon bakanike ya ce zafin garin nan ne ke tafasa fetur a cikin bututu kafin ya isa kafireto. Hankalina ya fi kwanciya da maganarsa, don bututun ya bi kusa da salansa. To in naɗe bututun ne da abin kare zafi, ko in sauya masa hanya? Don Allah wanda ya taɓa cin karo da wannan ya taimaka mini, ba na son in sayar da motar Baba.