Wace talabijin ta bango zan saya a madadin tsohuwa mai ƙeya?

Tambaya

Assalamu alaikum, masana. Talabijin ɗina mai ƙeya, inci 21, ta fara dishi-dishi, ina so in canza zuwa filasma mai ƙarko wadda ba ta da tsada. Daga kujera zuwa bango kamar mita biyu da rabi ne, kuma akwai dikoda da tsohuwar na'urar DVD da zan haɗa. Me zan duba kafin in biya?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam, Malam. Filasma ta gaskiya dai tun wajen 2014 Panasonic da Samsung da LG suka daina ƙera ta, sunan ne kawai ya rage a bakin mutane. Abin da za ka samu a farashi mai sauƙi LED ce, wato gilashin LCD da ƙananan fitilu ke haska shi daga baya.

Fara da girma. Inci daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, kuma sababbin sun fi faɗi, sun fi gajarta. Mai inci 21 ta da, sai mai 26 ta yanzu ce za ta kamo tsayin hotonta. A mita biyu da rabi, inci 43 ya dace, 50 ma ba ta yi yawa ba. Ka tabbatar wurin zai ɗauki faɗin 43, kusan santimita 97.

Yawancin masu inci 32 hotonsu 1366 x 768 ne, wato yawan ɗigogin da ke haɗa hoton a faɗi da tsayi. A 43 kada ka karɓi ƙasa da 1920 x 1080. Ita 4K, wato 3840 x 2160, tana da kyau, amma idan dikodarka ba ta ba da shi, a wannan nisa da wuya idonka ya ga bambanci. Ka juya bayanta ka ƙirga ramukan HDMI, inda ake soka wayar dikoda da makamantanta, uku sun fi. Don DVD ɗinka kuma nemi ramin AV, na wayar nan mai ja da fari da rawaya, saboda sababbi da yawa sun cire shi.

Amsa ta biyu

Bari in yi magana kan ƙarko, don nan ne ake asarar kuɗi. Ciwon da ya fi kai waɗannan talabijin wajen mai gyara shi ne mutuwar fitilun baya. A jere ake haɗa su kamar carbi, ɗaya ta ƙone sai layin duka ya ɗauke. Alamarsa, murya tana fita amma gilashi baƙi ƙirin. Haska tocila daf da gilashin, za ka hango hoton yana motsi can ciki kamar inuwa.

Zafi ne ke kashe su. A shago ana ƙure hasken don ta ja ido, mutum ya kai gida ya bar ta haka shekara da shekaru. Ranar da ka kunna, shiga saitin hoto ka fitar da ita daga Vivid zuwa Standard ko Movie, ka sauke Backlight, wato hasken fitilun baya, zuwa kashi 60 ko 70 cikin ɗari. Ka bar mata kamar santimita 10 ta sama da gefe don iska. Masu fitilu shimfiɗe a bayan gilashi sun ɗan fi kauri, amma a ganina sun fi siraran nan masu fitilu a gefe, inda zafi ke taruwa wuri ɗaya.

Na biyu shi ne allon wuta. Hawa da saukar wuta na kumbura kafasito, ƙananan kayan da ke riƙe wuta a kan allon, sai ka ga jar fitila tana ƙyaftawa, talabijin ta ƙi tashi. Wannan gyara ne mai sauƙi, amma na'urar kare wuta ta fi shi araha. In an fara tsawa, zare soket da wayar eriya duka.

Gilashi kuwa idan ya fashe, kuɗinsa ya kusa na sabuwa, kuma garanti ba ya ɗaukar fashewa. A tsaye ake ɗaukar ta, kada a kwantar da ita a mota.

Amsa ta uku

Ɗan'uwa, kada sunan "smart", wato talabijin mai shiga intanet, ya ruɗe ka. Masu araha ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce, bayan 'yan shekaru manhajoji su fara nauyi. Zaɓi mai hoto mai kyau, in ta gaji ka soka mata ƙaramar na'urar kallo ta intanet irin Fire TV Stick a HDMI.

Tambayi irin gilashin. Wanda ake kira VA baƙinsa ya fi zurfi, amma na gefe zai ga launi ya koɗe. IPS ya fi dacewa da ɗakin da iyali ke zama ta kowane ɓangare.

Kafin ka biya, zuba hoton fari zalla, baƙi, ja, kore da shuɗi a filash, a buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ɗigon da ya ƙi canza launi ya lalace ne, da wuya ya gyaru. A rubuta lambar jikin talabijin a rasit da katin garanti, ka kuma tambaya ko garantin ya haɗa da gilashi da fitilu. Wajen ratayawa, auna tazarar ramuka huɗun baya, misali milimita 200 x 200, kuma kada ka ɗaura sukurun da ya wuce tsayin da littafinta ya faɗa, don yana iya taɓa allon ciki.