Kafin a zuƙe ruwan gwiwa: abin da aka tattauna

A wata tattaunawa, da maganar zuƙe ruwa daga gaɓar gwiwa a asibiti ta taso, yawancin waɗanda aka taɓa yi wa sun ce fargabar ta fi aikin yawa. Ana goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yi allurar kashe zafi, sannan a soka allura a ja ruwan da sirinji. Yawanci bai wuce minti 10 zuwa 15, mutum ya koma gida a ranar.

Abin da aka fi nanatawa shi ne a faɗa wa likita duk maganin da ake sha, musamman masu tsinka jini irin su warfarin da aspirin. Kada ka daina sha da kanka, likita ne zai yanke. A kuma faɗi idan jiki ba ya jituwa da aidin (maganin goge fata mai kashe ƙwayoyin cuta) ko allurar kashe zafi. Idan akwai ƙurji ko gyambo a kan gwiwar, akan ɗage aikin, shi ya sa na goyi bayan wanda ya ce a bar zuwa wurin wanzami yin ƙaho ko tsaga kafin ranar. Ƙaho ba ya kai wa ga ruwan da ke cikin gaɓa ma.

Galibi ba a buƙatar azumi. Sa wando mai walwala, ka zo da wanda zai mayar da kai.

Masu ciwon suga su lura: idan an haɗa da allurar sitiroyid (mai rage kumburi), suga kan hau na 'yan kwanaki. A huta da ƙafar kwana ɗaya ko biyu, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma. Zazzaɓi, ja, ko kumburi mai ƙaruwa, a koma asibiti nan take.